Ganye Kafin Fure: Lambun Tsakar Gida a Kalmalo

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu)



Mai girma Shugaban Ƙungiya, iyayenmu malamai da suka daure suka zo duk da nauyin shekaru, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. 'Yan ajinmu, yayyenmu da ƙannenmu, ina yi muku barka da zuwa, da fatan kowa ya baro iyali lafiya.

Da Sakatare ya aiko mini cewa ni zan yi jawabin bana, sai na tambaye shi, a kan me? Ya ce a kan lambun gidanka. Na ce ashe duk cikinmu, ga likitoci ga alƙalai ga waɗanda suka riƙe ma'aikatu, ba a sami abin saurare ba sai zancen ganye? Ya ce ai tun da wasunku suka je ɗaurin auren 'yata a Kalmalo cikin watan Afrilu, suka zauna a tsakar gidana da azahar babu wanda ya nemi mafici, ake ta damunsa da tambaya. To shi ke nan, na karɓa. Amma duk wanda barci ya ɗauka ya sani Malam na nan zaune a layin gaba, kuma har yanzu idonsa na gani.

Kun dai tuna lambun makaranta. Kowane ɗalibi da fangalinsa, wanda ya yi laifi kuma a ba shi bokiti ya je ya shayar da furannin da ke gaban ofishin Firinsifal. Ni kam na sha wannan bokiti fiye da kowa a ɗakin kwananmu. Tun daga lokacin ya zauna mini a kai cewa lambun ƙawa shi ne jan fure a jere da ciyawa a datse kamar tabarma, irin wanda muke hange a gidajen Turawa. Da wannan tunani na yi aikin gwamnati har na gama, da shi kuma na koma gida.

Shekarar da na yi ritaya, na cika a-kori-kura da dashe tun daga Kaduna: furen wardi, ciyawar shimfiɗa, da wasu ganyaye masu zane-zane da ban ma san sunansu ba. Na dasa cikin watan Yuli, ruwa na zuba. Har zuwa Oktoba duk wanda ya shigo sai ya ce kai, Alhaji ya kawo mana Kaduna. Da hunturu ya buso, gefen ganyen ya fara ƙonewa. Kafin watan Maris ina sayen ruwa kura-kura wurin 'yan ga-ruwa, safe da yamma. Wata rana Hajiya ta tsaya a ƙofar madafa ta ce, "Alhaji, wai mu za mu sha ne ko ciyawa?" Ban ba ta amsa ba, domin ba ni da ita. Kafin ruwan farko ya sauka komai ya mutu ƙurmus, sai abu biyu: lallen da Inna, Allah ya jiƙanta, ta shuka a bayan ɗakinta tun ina yaro, da wata tumfafiya da ta fito da kanta a gindin katanga, wadda sau uku ina sa yara su sare ta.

Kuɗin da suka tafi ban faɗa wa kowa ba, kuma yau ma ba zan faɗa ba.

Laifin nawa ne, domin na manta inda nake. Kalmalo tana ƙasar Illela, dab da iyakar Nijar, Birnin Ƙonni na nan kusa da mu ta arewa. Daminarmu daga Yuni ne zuwa Satumba, ruwan shekara bai cika wuce milimita 600 ba, alhali kuwa na Kaduna ya haura 1,000. A watan Afrilu zafi kan wuce awo 40. Waɗanda suka zo hutu gidanmu muna 'yan makaranta sun san Tafkin Kalmalo da faɗinsa da kifinsa da bado kwance a kan ruwa. Ruwan da ke cika shi daga kwarin Majiya yake gangarowa ta ƙasar Nijar. Aka yi farin 1973 da na 1984, aka kuma gina madatsun ruwa na Mozage da Zango a can sama don noman rani na Ƙonni, tafkin ya ja baya ƙwarai a kan yadda muka san shi. Ko yarjejeniyar rabon ruwa da Nijeriya da Nijar suka sa wa hannu a Maiduguri a 1990 ta ambaci wannan kwari. To mutumin da garinsa ke cikin wannan hali, a ce shi ne zai riƙa zuba ruwan sha a kan ciyawar da ko akuya ba za ta ci ba, ai abin kunya ne.

Sai na canza dabara. A tsakiyar bazara, lokacin da ƙasa ta fi muni, na ɗauki sandata na riƙa zagaya bayan gari da hantsi, ina duba abin da ke raye ba tare da wani ya ba shi ruwa ba. Na ga kurna da ganyenta mai sheƙi. Na ga aduwa, na ga sabara da kalgo suna tohowa daga kututture, na ga kabar goruba a tsaye kamar mafici, na ga yaɗiya ta nannaɗe shingen aguwa, shar da ita. Duk abubuwan da muke kira daji ne, muna sa yara su sare. A nan na gane cewa mai shirya lambu a ƙasarmu daga Afrilu ya kamata ya fara lissafi ya dawo baya, domin a Agusta ko juji ma lambu ne. Na kuma gane cewa fure baƙo ne, mako biyu ko uku ya tafi. Ganye shi ne ɗan gida, da shi za ka zauna wata goma sha biyu. Saboda haka shi za a fara zaɓa.

Bari in ɗan tsaya a kan ganyen nan, domin nan ne gishirin zancen yake. Mu kan ce kore kawai, alhali koren kurna daban, na sabara daban. Ku ɗauki ganyen tsamiya ko na zogale ko na bagaruwa: ƙanana ne, a jere kamar haƙoran mataji, iska kaɗan ta motsa su, inuwarsu kuma ba ta toshe haske gaba ɗaya, tana tace shi ne kamar rariya. Ƙanƙantar nan ba ado ba ce kawai, ƙaramin ganye ya fi saurin sakin zafi, shi ya sa itatuwan ƙasarmu da yawa haka suke. Sannan ku ɗauki ganyen tumfafiya: faffaɗa, mai kauri, fari-fari kamar an barbaɗa masa gari. Wannan farin da ke kansa shi ke mayar da hasken rana ya hana ruwan jikinsa ƙafewa. Sabara ma toka-toka take. Kalgo kuwa ganyensa a tsage yake biyu kamar sawun raƙumi, yana da tauri kamar fata, sabon tohonsa kuma ja-ja. Ga kuma masu tsini da ke miƙewa sama, irin su moda da kabar giwa, wadda yara yanzu ke kira alobera, da ita kabar goruba.

Abin da na koya shi ne, kowane ɗaya cikinsu ba ya fita sai an ajiye shi kusa da kishiyarsa. In ka jera zogale da tsamiya da bagaruwa wuri ɗaya, daga nesa duk sai su haɗe su zama hazo. Amma sa faffaɗan ganyen gwanda a gaban zogale, ka ga yadda kowa zai bayyana. Sa toka-tokan sabara a gaban duhun lemun tsami. Sa tsinin moda a gindin lalle mai ƙananan ganye. Matanmu sun riga mu sanin wannan; babu wadda za ta ɗaura zane da kallabi da gyale duk zane iri ɗaya. Masu ɗinkin babbar riga ma kan bar fili a jikin riga don aikin ya fito. Ni sai da na tsufa na gane haka a tsakar gidana.

Yanzu ga yadda gidan yake. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, hadarin damina daga gabas, rana mai ƙuna kuwa ta yamma ce, daga azahar zuwa la'asar. Don haka a wajen katanga, ta arewa da gabas, na sa dogon yaro layi biyu. Wannan ba hikimata ba ce. A can kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 ƙungiyar CARE da manoman wurin suka fara dasa dogon yaro layi bibbiyu don tare iska daga gonaki, kuma ya yi aiki. Amma ku ji ra'ayina: dogon yaro na waje ne, ba na tsakar gida ba. Baƙo ne daga Indiya, a 1928 aka fara kawo shi Borno, ya kuma yi mana rana, ba na musu. Sai dai ba abin da ke jin daɗi a ƙarƙashinsa, saiwarsa na da kwaɗayi, in ya yi 'ya'ya kuma jemagu su hana ka barci su ɓata maka bango. Ceɗiya da durumi ma haka, inuwarsu babu kamarta, amma a ƙofar gida, nesa da tushen gini da bakin masai.

A cikin gida, ta yamma, tsamiya ɗaya ce da kurna ɗaya. Tsamiya ba ta sauri, wanda ya dasa ta jikokinsa yake yi wa, amma zogale na riƙe mata wurin kafin ta girma, domin shi cikin shekara guda ya wuce tsayin mutum. Ina datse kansa don ya yi rassa, Hajiya ta sami na kwaɗo ba tare da an hau tsani ba. Lallen Inna na ƙara masa 'yan uwa ya zama shinge tsakanin turaka da sashen mata. Kalgo da sabarar da ke kusurwar kudu kuwa ban dasa su ba, kututturensu na tarar. Na bi dabarar da mutanen Maraɗi ke kira sassaben zamani, wadda wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗawa tare da manoman can a 1983: ka zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka sare sauran. Saiwar ta riga ta yi nisa a ƙasa, ba ta neman ruwanka. Cikin shekara uku suka zama itatuwa.

Ita kuwa tumfafiyar nan, na yi mata afuwa. Tana nan a gindin katanga, na kewaye ta da duwatsu. Wani ɗan ajinmu, ba zan faɗi sunansa ba tunda ga shi can yana dariya, ya tambaye ni daga wace ƙasa na sayo ta.

Sai batun launi. Shi launi a wurinmu kamar tseren miƙa sanda ne da muke yi ranar wasannin makaranta: ba a son kowa ya ruga lokaci ɗaya, ana son in wannan ya gaji ya miƙa wa wancan.

Damina ba ta da wuya. Komai kore ne, har ya kan yi yawa, a nan ne bambancin ganye ke aiki. Kabewa da soso su hau rumfa da furensu rawaya, kuɓewa ta buɗe nata mai jan ciki, duma ya buɗe fari da yamma, lalle ya cika gida da ƙanshi bayan ruwa ya ɗauke. Ina sa jan alayyafo tsakanin kore, a ci rabi a bar rabi ya yi kai. Ba na sayen komai don damina.

Kaka ita ce gwanar ja da ruwan zinariya. Sure, wanda mutanen Kano ke kira yakuwa, in aka shuka jan irin a layi jikin farar katanga, kafin Nuwamba karansa da soɓorodonsa sun yi jawur, ka sha kallo sannan ka sha zoɓo. Barkono da tattasai su nuna. A bayan layin ina da gamba gindi biyar. Tana fitar da kai ta fi mutum tsayi, ta koma ruwan zinariya, in rana ta yi yamma ta haske ta ta baya, ba na jin akwai furen da ya kai ta. Ba na yanke ta sai hunturu ya yi nisa, sannan a yi zana da ita. Geza ma a wannan lokaci ganyenta ke rinewa ja kafin ya zuba.

Hunturu ne ke ba mutane tsoro, amma shi ne lokacin fangali. Sanyin nan shi latas da kabeji da karas ke so. Ku dubi ganyen karas mai laushi kamar gashi kusa da na kabeji mai faɗi da shuɗi-shuɗi, ga tsinin albasa a gefe. Ai wannan ma ado ne, kuma ya ƙare a tukunya. Ƙasarmu ƙasar albasa ce, mai ruwan hoda ta Galmi ta yi suna har bakin teku, in kuma ka bar 'yan kawuna suka yi iri za su fitar da farin fure dunƙule kamar ƙwallo. Abu ɗaya dai, ƙura. Ganye mai gashi ko kaushi na riƙe ta, mai sheƙi irin na lemo da kurna kuwa yayyafi kaɗan ya wanke shi, don haka masu sheƙin nake sawa kusa da inda ake zama. Kuma daga kan dakalina ina hango gawon da ke gonar bayan gida. Shi ne itacen da ake cewa ya ƙi ruwan Allah: da damina ya kaɗe ganye tas, gero ya sami rana a ƙarƙashinsa, da rani kuma, lokacin da kowa ya tuɓe, shi ya yi lif. Ya fi ƙarfin tsakar gida, amma na rage tsawon katangar wajen da gangan don kada ta tare mini shi. Abin da ke gonar maƙwabci ma, in ido na kai wa gare shi, lambunka ne.

To, sai bazara, wadda ta kashe mini lambun farko. A nan sarauniya ita ce kariya. Kun san ta, mai kumburarren gindi kamar tulu, wadda ake gani a bakin tsofaffin gidaje. A cikin gindin nan take ajiye ruwa, kuma lokacin da babu ko ganye ɗaya a jikinta take fitar da fure ruwan hoda, ƙasa na ƙuna ita tana biki. A kasuwannin furanni na Turai da Asiya kuɗi ake sawa a saye ta a tukunya, mu kuwa muna wucewa ba ma ko kallonta. Ina da guda bakwai a hanyar shiga daga zaure. A bayansu, jikin katanga, na yarda da baƙo ɗaya, wato boganbiliya, mai ƙaya, 'yar asalin Amurka ta Kudu. Na yarda da ita ne don halinta irin namu ne: in ka cika mata ruwa sai ta yi ta ganye, in ka bar ta da ƙishi sai ta yi ja. Kuma abin mamaki, jan nan da ake gani kamar takarda ba fure ba ne, ganye ne ya rine. Furen na ainihi ɗan ƙarami ne fari a tsakiya. A wannan lokaci ne kuma dogon yaro ke sakin ƙanshin furensa da dare, tsamiya ta yi sabon toho, mu san ruwa ya kusa.

Dole in yi gargaɗi, domin yawancinmu yanzu masu jikoki ne. Ruwan jikin kariya dafi ne, da shi maharba ke shafa kibiya a da. Nonon tumfafiya da na aguwa in ya shiga ido yana yin illa. Zurma na da kyakkyawan ganye, amma 'ya'yanta guba ne, ni na cire tawa gaba ɗaya. Irin waɗannan a sa su inda yara ba sa wasa, a kuma faɗa musu. Amfaninsu ɗaya, jar akuyarmu ta Sakkwato, wadda ba ta barin zogale ko lemo, ba ta cika kula su ba.

Wani zai ce duk wannan da wane ruwa? Da ruwan da a da ke bin makwarara ya fita titi. Inda muke alwala na sa a yi 'yar hanya zuwa gindin lemun tsami da rumman, ruwan wanke shinkafa da na ɗauraye kwano ya tafi wurin gwanda. Ruwan omo da na bilic dai ban yarda ba, suna ɓata ƙasa. Kowane dashe a rami nake sa shi, mai zurfi, da taki a ciki, bakinsa ƙasa da sauran fili don ruwa ya taru. Maƙwabtanmu na Illelar Nijar, ba tamu ba, ta jihar Tawa, tassa suke kiran irin wannan rami. A 1989 wasu manomansu suka je Yatenga ta Burkina Faso suka ga yadda ake yi, suka dawo suka raya faƙon da aka daɗe da yin watsi da shi. Sannan ina binne tulu, na ƙasa marar fenti, har wuya a gefen itace, a cika shi a rufe bakin saboda sauro. Yana tsattsafowa a hankali, saiwa ta zo ta rungume shi. Ranar Lahadi a kasuwar Illela ake samun irinsa da araha, wanda ya ɗan tsage ma ya yi. A rufe gindin da ɓuntu ko busasshen ganye, in gara ta matsa a zuba toka. Yau ruwan da nake saye don lambu a wata guda na bazara bai kai wanda na saya a mako ɗaya a waccan shekara ba, kuma Hajiya ce da kanta ke tuna mini in tulun rumman ya ƙafe.

Har yanzu akwai inda na kasa. Kusurwar da ke tsakanin madafa da rumbu, inda zafin murhu ke haɗuwa da na rana, na gwada abu huɗu duk sun ƙone, yanzu randa ce kawai a wurin. Mangwaro ma sau biyu ina dasawa gara na cinyewa. Wanda ya san dabara a cikinku, musamman Malam, ina saurare bayan an tashi.

Na zo da 'yar tsaraba a bayan mota: irin zogale da na lalle da na jan sure a ƙulle, da reshen kariya guda arba'in. Malamanmu za su fara zaɓa. Wanda ya ɗauki kariya kada ya dasa ta yau. Ya ajiye a inuwa kwana huɗu ko biyar bakin yankan ya bushe, sannan ya kafa ta a yashi, ya ba ta ruwa kaɗan sau ɗaya a mako. Yawan ruwa ke ruɓar da ita. A wanke hannu bayan an taɓa. Baɗi in Allah ya kai mu zan tambayi kowa labarin tasa, kuma Sakatare ya ce zai rubuta sunayen waɗanda suka karɓa.